Masaƙin da Ba Ya Ganin Ja

Bahago suke ce masa, don da hagu yake riƙe matajin saƙa, kuma har ya mutu yawancin mutanen layinsu ba su san yana da wani suna ba. Shekara arba'in da ɗaya ya yi a masaƙa guda, yana saƙa irin manyan dardumomin nan masu hoto waɗanda ba a taka su, a bango ake rataye su. An san shi da ganye da furanni. Idan aka kawo zanen lambu ba a ma shawara, a gaban kujerarsa ake kafa shi. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, tun da uwarsa ta haife shi idonsa bai taɓa raba ja da kore ba. Su biyun a wajensa launi ɗaya ne, wani abu mai kama da ƙasar da ta sha ruwa ta fara bushewa. Shuɗi yana ganinsa tas, rawaya ma haka. Sauran kuwa sai dai ya bambanta mai haske da mai duhu.

Ubansa marini ne, mutum mai zafin hannu, wanda farcensa ba ya rabuwa da baƙi ko ya wanke da me. Tun Bahago yana ɗan shekara takwas ake aikensa cikin rumfar shanya. Uban zai ce, "Je ka ɗauko min jan can," shi kuma ya je ya tsaya a gaban igiya yana kallon ulu iri ɗaya jere, ya ɗauko wanda hannunsa ya faɗa kai. Rabin lokaci yakan dace. Sauran rabin sai mari.

"Wai iskanci ne ko wauta?" uban yakan tambaya.

"Wauta ce, Malam," uwar takan amsa da sauri daga bakin murhu. Ta lura dukan wawa bai kai na mai taurin kai zafi ba, shi ya sa ta zaɓa wa ɗanta wauta. Ba wanda ya taɓa tunanin ciwo ne a ido, shi kansa yaron ya yarda kansa ne ba ya ja.

Yana ɗan shekara sha biyar uban ya gaji, ya kama hannunsa ya kai shi wajen wani mai masaƙa da ke sayen ulu a wurinsa. Ya ce, "Ga shi nan. Kai dai babu, amma hannu akwai."

Masaƙar tana saman wani tsohon sito, sai an hau matakalar katako mai ƙara. Ɗaki ne dogo, tagogi a gefe guda, da manyan itatuwan saƙa shida a tsaye, kowanne ya fi mutum biyu tsayi. Masaƙa ashirin da biyu ne a lokacin. Wurin kullum yana warin ulu da kafur ɗin korar asu. Mai wurin, wanda kowa ke kira Tsoho, ya zaunar da shi ya nuna masa yadda abin yake. Ana ɗaure zaren tsaye daga sama zuwa ƙasa, a kafa zanen takarda a bayansa. Masaƙi ya zauna ta bayan aikin, yana cusa ulu mai launi tsakanin zaren da ɗan kwarkwaron katako mai tsini, yana dannewa da matajin ƙarfe. Abin da ya saƙu a naɗe shi a jikin gungumen ƙasa, ba za a sake ganinsa ba sai ranar da aka yanke aikin. Idan yana son ganin fuskar abin da yake yi, sai ya leƙa ɗan madubin da aka rataye ta gaba.

Tsoho yana da surutu idan ya sami mai saurare. Yakan ce sana'ar ta girmi kakan kakansa. Wai a da manyan mutane a gidajen dutse suke zama, masu sanyi kamar kabari, sai aka riƙa saƙa musu bango na ulu, a sa masa hoton farauta ko yaƙi, idan za su yi ƙaura a naɗe a ɗora wa dabba. "Mai zane ya yi wata guda yana wasa da fenti," in ji shi, "mu mu yi shekara biyu muna karya baya, sannan sunansa ne a ƙasa. Haka muka tarar, haka za mu bari. Kamu ɗaya a wata, yaro. Wanda ya fi haka sauri, ɓarna yake yi."

Sabon shiga a gefen darduma ake sa shi, sannan sararin sama, ruwa, katanga. Wannan ya yi wa Bahago daɗi, don yawanci shuɗi ne da toka. Hannunsa kuwa ya fito da wuri. Saƙarsa ba ta tsukewa, ba ta sakewa, gefenta a miƙe kamar an ja da zare. Cikin shekara uku Tsoho ya fara cewa lokaci ya yi da za a matsar da shi ciki, wajen bishiyoyi. Tun daga ranar abinci ya daina yi masa daɗi.

A ƙarshen ɗakin akwai wani ɗan ƙaramin ɗaki inda mata huɗu ke naɗa ulu a kwarkwaro, su jera a faranti su kai wa masaƙa. Ƙaramarsu wata gajeriya ce mai kaifin baki, marainiya da ke zaune wajen gwaggonta. Mai Naɗi ake ce mata, kamar sauran ukun ba naɗin suke yi ba. Wata rana ta kawo faranti, sai maƙwabcin Bahago a kujera, wanda ake kira Mai Fuska saboda shi ke saƙa fuskoki da hannuwa, ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Bahago, miƙo min jan nan mai duhu." Hannun Bahago ya tsaya a saman farantin yana yawo. Mai Naɗi ta sa ɗan ƙaramin yatsanta ta turo masa kwarkwaro ɗaya, ta wuce abinta.

Da aka tashi ta tare shi a matakala, riƙe da ulu biyu.

"Wanne ne kore?"

"Ke, ba ni hanya."

"Nuna min, sai in ba ka."

Ya nuna na dama. 

"Duka biyun ja ne," ta ce. "Tun yaushe?"

Ya jingina da bango. Ya ce tun yana yaro. Ya roƙe ta don girman Allah kada ta faɗa, idan aka kore shi ba shi da inda zai koma sai rumfar ubansa.

"Wa ya ce maka zan faɗa? Ni dai haushi nake ji, wata shida ina kallonka kana raba ido kamar akuya a kasuwa."

Washegari ya ɗauki kwarkwaro a farantinsa, sai babban yatsansa ya ji wata 'yar tsaga a kansa. Mai Naɗi ce ta yi ta da reza. Tsaga ɗaya dangin ja, biyu dangin kore, wanda ba tsaga launin ƙasa ne. Kowane layi kuma ta jera shi daga mai haske zuwa mai duhu. Da safe kafin maza su zo, tana kai faranti, sai ta bi zanen takardar da fensir ta ɗiga masa alamu ƙanana kamar kashin ƙuda, nan ja, nan kore. Da haka Bahago ya shiga cikin bishiyoyi, kuma bai sake fita ba.

Bayan shekara biyu suka yi aure. Suka kama ɗaki biyu a saman shagon wani mai gyaran keke, taga tana kallon bayan gidan burodi. Haihuwa uku ta yi, ɗiya ɗaya ce ta tsaya. Ita ke zaɓa masa rigar da zai sa, ita ke sayen tumatir, idan suna tafiya a titi ita ke taɓa masa gwiwar hannu idan fitilar hanya ta ba da hannu. Ko ɗiyarsu ba su faɗa wa ba.

Abin mamaki, ganyensa ya fi na kowa. Da yake launi ba ya ɗauke masa hankali, yana ganin inuwa da haske fiye da sauran, ya san inda ganye ke lanƙwasa da inda rana ta huda shi. Masu saye sukan tsaya gaban aikinsa su ce kamar ka miƙa hannu ka tsinka. Mai Fuska yakan yi tsaki ya ce, "Mu muna fama da hancin mutane, ana yabon mai alayyafo." Bahago yakan yi murmushi ya sunkuyar da kai, a ce kunya ce. Shi dai ya san ana yaba masa abin da bai taɓa gani ba.

Da shekaru suka ja, samari suka fara gudu zuwa kamfanoni, kujeru suka zama wayam. Tsoho ya karya tsohuwar dokarsa, ya ce mata ma su hau saƙa. Mai Naɗi ya fara kira, don ya taɓa kama ta lokacin hutun rana tana saƙa ɗan tsuntsu a gefen wani aiki da aka yar, ya ga hannun gaske. A gaban kowa ya yi mata tayin. Ta waiwaya ta dubi mijinta. Bahago ya duƙufa a kan matajinsa kamar bai ji ba. Idan ta hau saƙa, wata za a sa naɗi, kuma su biyun sun san abin da hakan ke nufi.

"Bayana ba zai ɗauka ba, Baba," ta ce wa Tsoho. "A ba wata."

Da yamma a gida ta dire tukunya har murfin ya faɗi.

"Ka yi shiru kamar an ɗinke maka baki."

"To me zan ce?"

"Ka ce in karɓa. Ai da ka ce in karɓa, da ni zan ƙi da kaina. Ka san zan ƙi. Ko wannan ɗin ba ka iya ba ni ba."

Kwana tara ba ta yi masa magana ba. Amma duk safiya farantinsa yana nan a jere, tsaga ɗaya, tsaga biyu. Ba su sake ta da zancen ba har abada, ita kuma ba ta sake taɓa zaren tsaye ba, ko da wasa.

Daga baya kasuwa ta cika da dardumomin inji, waɗanda ake bugawa ɗari a yini, hoto ɗaya a kowane shago. Tsoho ya mutu. Ɗansa, wanda ya yi karatun kasuwanci kuma bai taɓa riƙe mataji ba, ya karɓi wurin, aka riƙa ce masa Manaja. Ya sayar da itatuwan saƙa huɗu, ya raba ɗakin da katako ya ba masu ɗinkin labule haya. Aka wayi gari saura mutum uku: Bahago, Mai Fuska da Mai Naɗi, duk furfura ta cinye su.

A lokacin ne aka kawo aiki mafi girma da suka gani cikin shekara goma. Wani sabon asibiti ne ke son darduma a ɗakin jira, lambu tun daga wannan bango zuwa wancan, bishiyoyi da jajayen furanni, ba mutum ko ɗaya a ciki. Da yake ba fuska, Manaja ya ce Mai Fuska ya je ya huta tukuna. Mai Fuska ya naɗe kayan aikinsa a tsumma, ya dafa kafaɗar Bahago ya ce, "Alayyafo ya ci zaɓe." Ya sauka matakala bai waiwayo ba.

Aikin na kusan shekara biyu ne, kuma a kwance ake saƙa shi, wato daga gefen hagu na hoton zuwa dama. Suka yi wata goma sha huɗu lafiya, shi a kujera, ita a ɗakin naɗi, ƙarar kekenta na zuwa masa ta bango. Wata safiya ya lura ƙarar ta tsaya. Ya jira, ya kira ta, shiru. Da ya shiga ya tarar da ita zaune ta karkace, ulu ya zube a cinyarta, bakinta ya ja gefe guda, idonta a kansa.

Mako uku ta yi a asibiti. Ta dawo gida ɓarin dama a mace, magana kuma ta tafi, saura kalma ɗaya tak. Duk abin da aka ce mata sai ta ce, "To." Ɗiyarsu, wadda ke aure a wata unguwa mai nisa, ta zo ta yi wata guda ta koma wajen 'ya'yanta. Matar mai gyaran keke ta ɗauki zama da ita da rana.

Bahago ya koma kujerarsa ya duba abin da ya rage. Kwarkwaro masu tsaga za su kai shi mako shida. Alamun fensir kuwa kamu ɗaya da ɗan wani abu ta yi gaba, daga nan takarda fes. Manaja ya ɗauko wata mata tana zuwa kwana biyu a mako tana naɗi, ya kuma sayo sababbin kwarkwaro na roba, sumul, ba inda yatsa zai kama.

Sau biyu ya je har ƙofar ofishin Manaja don ya faɗi gaskiya. Na farko ya tarar yana waya, ya juyo. Na biyu ya tsaya da hannu a kan mariƙin ƙofa. Ba tsoron kora kaɗai ba ne, ko da yake da wannan aikin suke ci, da shi ake sayen magani. Idan ya faɗa, dole ya faɗi wadda ta rufa masa asiri shekara kusan arba'in, ga ta can kwance ba ta da bakin kare kanta. Ya saki ƙofar ya koma.

Sai ya samo dabara. Yakan yanko guntayen ulu ya zuba a kwalin ashana, ya ɗauko ƙaramin kwafin zanen a aljihu. Da yamma, bayan ya ba ta abinci ya goge mata baki, sai ya ja kujera kusa da taga inda akwai sauran haske, ya sa hannunsa cikin hannunta na hagu.

"Duba nan. Idan ja ne ki matsa sau ɗaya, idan kore ne sau biyu. Kin gane?"

"To."

Ya ɗaga zaren. Ta ƙura masa ido, ta matsa sau ɗaya. Ya ɗaga wani, ta matsa sau biyu. Hawaye suka zubo masa, ya ce Alhamdulillahi. Ya riƙa nuna mata zanen wuri-wuri yana ɗiga alama da kansa, da safe ya je ya yi wa kan kwarkwaron roba alama da allura mai zafi.

Wata bakwai ya yi a haka. Tun a wata na biyu wani abu ya fara damunsa. Zaren da ta ce ja ranar Litinin, ya sake kawo shi ranar Alhamis ta ce kore. Ya ce ƙila hasken ne. Ya ɗauki amsar ƙarshe. Daga baya ya daina kawo zare ɗaya sau biyu, don kada ya gani. Ba kuma wanda zai tsayar da shi. Manaja idan ya leƙo, bayan aikin yake gani, duk jelar zare a rataye, ya ce, "Sannu Baba, saura nawa?" ya fita. Sabuwar mai naɗin ta taɓa tsayawa ta kalli madubi ta ɗan yamutsa fuska, amma ta ɗauka haka masu zanen zamani suke so, kuma ita wa ce da za ta gyara wa Bahago.

Ranar yanke aikin, mai zanen ta zo, wata mace mai gilashi da sanyin murya, tare da mutum biyu daga asibitin. Aka share ƙasa aka shimfiɗa farin yadi. Bahago ya yanke zaren tsaye ɗaya bayan ɗaya, aka warware gungumen, mutum huɗu suka juya dardumar fuskarta sama.

 Bahago ya dubi aikin, ya ga lambu ɗaya daga farko har ƙarshe, inuwa a inda ya kamata, haske a inda ya kamata, ba wanda ya taɓa yi da ya kai shi. Sai da ya ɗago ya ga fuskokinsu.

Kashi biyu na hagu kore ne shar, da furanni ja. Kashi na uku kuwa kamar gobara ta bi ta kai. Ganye launin busasshen jini, jefi-jefi da kore a tsakani, furannin kuma sun fito kamar burodin da ya yi fumfuna.

"Wannan za mu rataye a gaban marasa lafiya?" ɗaya daga mutanen asibitin ya tambaya.

Mai zanen ta durƙusa ta shafa wurin da abin ya fara. Ta ce a hankali, "Baba, saƙar nan ba ta da aibi ko ɗaya. Me ya faru da launin?"

Ya buɗe baki zai ce marini ne ya yi kuskure. Sai ya ji ya gaji.

"'Yata, ban taɓa ganinsa ba," ya ce. "Ja da kore. Ban taɓa gani ba tun da nake. Matata ce ke gani."

Bayan baƙin sun tafi Manaja ya yi ta faɗa har masu labule suka leƙo ta saman katako. Ya ce shekara arba'in ana ci da ƙarya a gidan ubansa. Ya ce ba kora yanzu, sai Bahago ya zare abin da ya ɓata da hannunsa. Aka ɗora dardumar a kan tebur, aka ba shi allura. Aka aika aka kira Mai Fuska ya zo ya ɗaura sabon zare ya sake saƙa wurin.

Mako tara Bahago ya yi yana tsince aikin wata bakwai, zare ɗaya bayan ɗaya, ulun yana taruwa a kwando a gefen ƙafarsa. Mai Fuska yana can gefe yana haɗa launuka, kwana uku bai ce masa uffan ba. A rana ta huɗu ya ajiye kwarkwaro.

"Shekara arba'in gwiwata na gogar taka. Kofi ɗaya muke shan shayi. Da ka faɗa min."

"Da ka rufa?"

Mai Fuska ya sosa gemu.

"A'a," ya ce. "Da can dai a'a. Da na kai ka wajen Tsoho kafin shayin ya huce." Ya sake ɗaukar kwarkwaronsa. "Amma bana da na rufa. Bana da na zo na zauna maka kyauta, wawan banza."

Labari ya kai wa ɗiyar, ta zo ranar hutu. Ta sa uban ya faɗa mata komai a tsaye a bakin ƙofa. Sannan ta shiga ta zauna gefen uwarta, ta kama hannunta, ta ɗaga wani shuɗin kofi.

"Mama, ja ne ko kore?"

Uwar ta matsa sau ɗaya. Ta ɗaga farin cokali, uwar ta matsa sau biyu, tana kallon fuskar ɗiyar tana jiran a yaba mata.

Ɗiyar ta fito ta ja ƙofa. Ta ce, "Likita ya faɗa min tun a asibiti, sunayen abubuwa da ƙirga duk sun cakuɗe mata. Da ka tambaye ni, Baba. Wata bakwai kana sa mara lafiya aiki." Ta goge ido da gefen mayafi. "Ashe shi ya sa ba ka taɓa saya min riga ba. Ni duk a zatona ba ka damu da ni ba ne."

 Ta koma gidanta a ranar, ta yi wata uku ba ta zo ba, sai dai saƙo.

Da ya gama tsincewa Manaja ya sallame shi. Mai Fuska ya kammala lambun cikin shekara guda, aka kai, bayan nan aka rufe masaƙar, masu labule suka cinye sauran ɗakin. Bahago ya ce wa matarsa an gama aiki, an yaba ƙwarai. Ta ce, "To." Ko ta gane ko ba ta gane ba, Allah ya sani. Amma duk yamma idan ya zauna kusa da ita sai ta miƙa hannun hagu tana laluben aljihunsa, idan ba ta ji kwalin ashana ba ta juya fuska bango ta ƙi cin abinci. Don haka ya ci gaba da kawo mata. Yakan tsinto zare a bakin shagon tela, ya ɗaga, ta matsa, ya ce madalla, ya yi kamar yana rubutawa. Shekara biyu suna haka. Shi ke juya ta, shi ke wanke ta, shi ke shanya zannuwa a igiyar bayan gidan burodi. Ta rasu wata safiya ana ruwan sama, yana ƙasa yana karɓo ruwan zafi.

Ɗiyar ta ɗauke shi zuwa gidanta, hawa na huɗu a wani dogon gini, aka sa masa katifa a ɗakin da ake ajiye kaya. Surukinsa mutumin kirki ne amma gidan ya yi musu kaɗan, kuma Bahago ya san haka. Sai ya riƙa sauka da sassafe ya zauna a ƙarƙashin matakala, inda masu babur ke fakewa. Wata rana mai shagon kusa ya kawo masa kujerar ƙarfe da igiyar robarta ta tsinke, ya ce ko Baba zai iya. Ya saƙe ta kafin azahar. Daga nan aka riƙa kawo masa kujeru da gadajen igiya daga ko'ina a layin. Ba ya ciniki, abin da aka ba shi ya karɓa. Masu babur suna ce masa Baba Mai Kujera, suna tsokanarsa wai ya fiye yanga, kujerar zama kawai sai ya yi ta ja yana daidaitawa kamar za a kai ta gasa.

A shekara ta uku ƙafafunsa suka kumbura, hawa huɗun ya gagare shi sai an riƙe shi. Wata Laraba ya ce a bar shi a sama yau, ƙirjinsa ya yi nauyi. Ranar Juma'a ya cika. Akwai kujera ɗaya a ƙarƙashin matakala da ya yi rabinta. Bayan kwana biyar mai ita ya zo ya yi wa ɗiyar gaisuwa, ya tambaya ko zai iya ɗauka, ya ɗora ta a bayan babur ya tafi neman wanda zai ƙarasa.